Takunkumin Kura

Falgore,
Laraba.

Zuwa ga Abban Ramla,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wadda kewa ta isa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya jiki, yaya tarin da aka ce kana yi? Yaya ƙarin haƙuri? Iya tana gaishe ka, ta ce ba ta sallame salla ba tare da ta ambaci sunan ɗanta ba. Ƙaninka Mu'azu ne zai kawo maka wannan ranar ziyara, haɗe da ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Tunda an ce sai ganduroba ya karanta kafin a miƙa maka, shi ma ina gaishe shi, Allah ya sa ya iya da rubutuna.

Mu dai muna nan, sai godiya. Masarar gonar bakin daji ta yi goyo. Wurin da kake kafe babur a zaure har yau ba wanda ya ajiye komai, ko kaji Iya ba ta bari su kwanta a nan. Lauya ya ce shari'arka ba ta da wuya, ɗan acaɓa ba ya buɗe buhun fasinja ya ga ko burodin masu garkuwa ne a ciki. Ni dai na gaji da jin "ba ta da wuya" alhali damina ta same ka a can.

Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Ka san tun safiyar da 'yan sanda suka sa maka ankwa a gabanta Ramla ba ta ƙara cewa uffan ba. An yi rubutu an sha, an yi tofi, an yi hayaƙi. Na kawo maka ita ko ganinka zai buɗe bakinta, ta tsaya tana kallon ka ta cikin ƙarfe, muka dawo abin ya ƙaru. Yarinya 'yar shekara shida, wadda da sai an roƙe ta ta yi shiru.

To, jiya ta yi dariya.

Mu'azu ne ya kai wayata shagon Ɗayyabu mai caji, shi kuma ya tura mini wani katun mai fassarar Hausa, wai ko zai ɗebe wa yarinya kewa. Labarin dabbobin wani gidan zu ne a ƙasar Turawa. Akwai kada mai ciwon haƙori da ke sa tabarau, da jimina mai iyayi da ba ta wuce madubi, da giwa mai tsoron agwagwa. Sai wata tsohuwar kura mai ba da labarin ban dariya, ba wanda yake dariya sai ita kaɗai. Duk sun gaji da keji, gida suke so. Wata yarinya, 'yar mai sharar gidan, ita ta sato makulli ta buɗe musu, suka cika motar bas suna waƙa, kura ce ma direba.

Mai fassarar ya ba kada muryar Basakkwace, daidai irin ta abokinka mai shayi. Wurin da kura ta taka burki giwa ta faɗo kan jimina, sai na ji wani sauti a gefena. Wallahi da farko na zaci ƙwarewa ta yi. Na juya na ga haƙoranta a waje, har da giɓin nan da ba ka gani ba. Na shige ɗaki na yi kukana don kada ta gani. Ban san waɗanda suka zana abin nan ba, amma jiya na sa musu albarka.

Ka kula da kanka, ka riƙa rufe ƙirji da asuba.

Taka har kullum,
Hindatu.


Falgore,
Lahadi.

Abban Ramla,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya kwanan gida, in ana kiran wurin nan gida? Mu'azu ya ce tarin ya lafa amma ka rame. Iya lafiya, sai ƙafar da ke taɓa ta. Na ga amsarka, na kuma ga inda hawaye ya ɓata tawada, kada ka ce mini ruwan alwala ne.

Albishirinka, bakin 'yarka ya buɗe. Sai dai maganar farko da ta yi ta tsaya mini a wuya. Tambayata ta yi ko ana ba Abba abinci a kejinsa. Na ce ba keji ba ne, ta ce ai ta gani da idonta. A wurinta kai ma a gidan zu kake, kuma laifin da ka yi bai wuce na kada da jimina ba.

Katun ɗin nan kuwa mun kalle shi har na haddace. Ɗayyabu ya ƙaro mana kashi na biyu da na uku, ashe labari ɗaya ne ake sake masa riga: a kama su, su yi kewar gida, yarinya ta buɗe, a yi rawa. Rabin dariyar ma tusa ce da santsi. Ba na musun kyansa. Launinsa kamar a lasa, waƙoƙinsa sai ka tsinci kanka kana yi a bakin murhu, kuma yana koya wa yaro kada ya yar da abokinsa. Amma ni 'yar bakin daji ce, akwai abin da ke ci mini rai. Me dabbobin nan suke ci? Kura da ɗan akuya a kujera ɗaya suna raba kek. Giwa ta faɗo daga bene ta danne kada, ya baje kamar tabarma, ya tashi ya karkaɗe jiki. Ba mai jini, ba mai yunwa. Kuma da ƙofa ta buɗe sai a saki kiɗa, rubutu ya hau, an gama. Ba a taɓa nuna abin da ya same su washegari ba.

Wanda ya zana su bai taɓa gadin masara ba. Shekaranjiya muka kai wa Mu'azu abinci gona, muka tarar birai sun shigo, wani ƙaton gwaggon biri a gaba. Mu'azu yana jifa yana ihu, sai ga 'yarka ta nufe su da hannu a miƙe za ta gaisa. Da ban cafko rigarta ba, Allah kaɗai ya san abin da zan rubuta maka yau.

Ranar na ɓoye wayar. Iya ta goyi bayana, dama ita cewa take zanen aljanu ne. Kafin magariba Ramla ta koma gidan jiya, ta haɗa kai da gwiwa a bayan ƙofa, ko ruwa ta ƙi karɓa. Da safe na tarar ta jiƙa shimfiɗa. Na fito da wayar da hannuna na ba ta. Ka ce na yi rauni in ka ga dama, ba kai ka zauna da shirun nan ba.

Yanzu sabuwar sana'arta tara makullai. Na tsohuwar akwatin Iya, na kwaɗon rumbu da ya lalace, duk wanda ta tsinta a hanya, tana zubawa a gwangwanin madara. Ban tambaye ta na mene ne ba, don na sani. Zanen da ka gani a ƙasan takardar nan nata ne, ta ce makulli ne, in ka samu dama ka gwada.

Firgitar barci ce kawai ba ta bar ta ba. Ka sa ta a addu'a.

Matarka,
Hindatu.


Falgore,
Talata.

Abban Ramla, mijina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan zamanka. Yaya sauro? Na saka maka man shafawa a cikin kayan, in an bari ya iso. Lauya ya aiko cewa alƙali zai saurari maganar beli a mako mai zuwa. Ban gaya wa kowa ba sai Iya, ina tsoron baki.

Garinmu ya yi baƙi. Gardawa masu wasa da kura sun sauka, da gangunansu da magungunansu, da biri mai rigar ƙwallo. Babbansu wani Shitu ne, dogo mai layu har gwiwar hannu. A gindin tsamiyar bayan kasuwa suka yada zango, a nan suke ɗaure kurar da sarƙa.

Ka san Iya. Tana jin ganga ta ce maganin Ramla ya zo har gida. Wai yaron da aka ɗora a bayan kura firgita takan bar shi har abada. Ta ce kai ma da ka ƙi tafiya kana ƙarami haka aka yi maka, kwana kaɗan ka miƙe. Ashe jarumtar da kake mini duk ta aro ce. Na ce ban yarda ba, ta ce ni yarinya ce, kuma ai bakin kurar a ɗaure yake. Ramla kuwa da ta ji an ambaci kura sai ta riƙe zanena tana tsalle. Rabon da ta roƙe ni wani abu tun kana gida. Na sassauta.

Aka kira su ƙofar gida, ni ina leƙe daga zaure. Abban Ramla, ba kurar katun ba ce. Warinta ya riga ta isowa. An saƙa mata takunkumi na igiya tun daga hanci har bayan kunne, yawu yana zuba ta ƙasa. Inda sarƙa ke cin wuyanta gashi ya tafi, ƙuda suna bi. Shitu yana riƙe da sarƙa a hannu ɗaya, kulki a ɗayan.

Yara biyu aka fara ɗorawa, suna tsala ihu kamar ana yanka su. Da aka zo kan 'yarka, da kanta ta ɗaga hannu a ɗauke ta. Ta zauna daram, ta shafa wuyan kurar, ta sunkuya ta yi mata raɗa a kunne. Jama'a suka ɗauki kabbara. Shitu ya ce tun da yake yawo bai taɓa ganin yarinya mai zuciya irin wannan ba, har laya ya ba ta kyauta. Iya sai washe baki take, tana kallona.

Da muka shiga gida Ramla ta tambaye ni don me aka ɗaure mata baki, yaya za ta yi dariya. Na ce don kada ta ci mutane. Ta ce haka mutanen cikin katun ma suka ce, kuma ƙarya suke. Na ce wancan zane ne, wannan ta gaske ce. Sai ta dube ni ta ce ai Abba ma an ce mugu ne aka ɗaure shi, kuma ni da bakina na ce ƙarya ake masa.

Na ce ta je ta wanke hannu ta ci tuwo.

Gaskiyar Iya ta wani ɓangaren, daren nan biyu ba ta firgita ba, barci take har da minshari irin naka. An ce gardawan sai sun ci kasuwar Asabar za su wuce Doguwa. Ni dai na ƙagu in ga ƙeyarsu.

Allah ya sa takarda ta gaba a hannu zan ba ka ita.

Taka,
Hindatu.


Asibiti, Kano,
Litinin.

Abban Ramla,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Na roƙi Mu'azu kada ya faɗa maka da baki, na fi so ka ji daga gare ni.

Ramla tana da rai. Ka riƙe wannan tukuna.

Ranar Juma'a ne. Maza duk sun tafi masallaci, har da Shitu da mutanensa, suka bar kurar ɗaure a gindin tsamiya. Sun saba, wa zai je kusa da kura? Ni ina wanki a bayan ɗaki, na ɗauka tana wurin Iya. Iya tana lazimi, ta ɗauka tana wurina. Sai da na zo yanka kuɓewa na nemi ƙaramar wuƙa na rasa, na duba inda take ajiye gwangwanin makullanta, babu. Ban tsaya neman mayafi ba.

Tani mai fura ce ta hango ta daga nesa, ita ta ba ni labarin abin da ban gani ba. Ta ce Ramla ta durƙusa a gaban kurar tana gwada makullai a kwaɗon sarƙa ɗaya bayan ɗaya, tana yi mata hira. Kurar tana kwance ba ta motsa ba. Da makullan suka ƙare sai ta ɗauko wuƙa ta kama yanka igiyar takunkumin ta bayan kunne. Tani ta yar da ƙwarya ta taho da gudu tana ihu, amma tsohuwa ce.

Igiyar tana tsinkewa, hannun daman Ramla kurar ta kama.

Ihun Tani ya zo daidai da sallame salla. Kafin in iso maza sun cika wurin, da sanduna, da taɓare, da duwatsu. Da ƙyar aka ɓamɓare bakin kurar daga hannun. An janye Ramla gefe, amma ba wanda ya tuna ya rufe mata ido. Suna dukan kurar tana zagaye tsamiya iya tsawon sarƙarta, har wani ɗan banga ya zo da bindiga ya ƙarasa ta. A ɗaure ta mutu. 'Yarka tana kwance cikin jini tana kallo, kuma ba don hannunta take ihu ba, cewa take a bari, a bari.

Mu'azu ya goya mu a babur zuwa Tudun Wada, daga can aka turo mu nan. Likitoci sun yi iya yinsu, ba zan ɗora musu komai ba. Ƙasusuwan sun niƙe. Sun cire daga wuyan hannu.

Iya tana nan a bakin ƙofar ɗaki, ta ƙi shigowa, ta ƙi cin abinci. Ta ce ita ta nuna wa yarinya hanya. Kada ka ce mata komai in ka rubuto, abin da aka yi mata aka yi maka shi ta yi wa jikarta, da zuciya ɗaya. An kama Shitu, shi ma yanzu ta cikin ƙarfe yake kallon mutane. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji tausayi ba, ban san me nake ji ba.

Haushina yana kan mutanen da ban san fuskarsu ba. Sun zauna a ƙasarsu inda kura sai a bayan gilashi, suka zana mata murmushi, suka ba yarinya makulli, suka saki kiɗa. Ba su san akwai garin da kura ke kwana a bayan kasuwa ba. Jiya na fita da wayar zan rotsa ta da bango, na ɗaga hannu na kasa. A cikinta na sake jin dariyar 'yata bayan na fid da rai. Na mayar da ita jaka na dawo na zauna.

Har yanzu allurar barci ake mata. Ka yi mana addu'a, kai ne ka fi mu lokaci.

Hindatu.


Asibiti, Kano,
Asabar.

Abban Ramla, abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya jikinka, yaya ka ji da labarin da na aiko maka? Mu'azu ya ce bango kawai ka dafa. Iya ta fara shan kunu, tana gaishe ka. Barka da arziki, lauya ya zo da kansa ya faɗa mana an ba da belinka, da zarar masu tsaya maka sun sa hannu za a buɗe maka ƙofa. Na daɗe ina tanadin guɗar wannan rana, da ta zo ko murmushi ban iya ba.

Ramla ta farka. Ciwon yana kamewa, tana cin abinci in an ba ta a baki. Ba ta tambayi hannunta ba ko sau ɗaya, takan dai kalli bandejin ta kau da kai. Ba ta kuma ga laifin kurar ba, ta ce tsoro ta ji don ba ta saba a taɓa ta ba tare da kulki ba. Wata nas ta ga tana zaune shiru ta kunna mata katun a wayarta, Ramla ta juya ta fuskanci bango har aka kashe.

Na yi zaton labarinka ne zai dawo mini da ita. Na zauna a bakin gado na ce Abba zai fito, an kusa buɗe masa. Abban Ramla, ihun da ta yi sai da masu jinya suka shigo da gudu. Ta riƙe wuyan rigata da hannun da ya rage. Na rarrashe ta har ta yi shiru, sannan ta sa na yi mata alkawarin zan rubuta maka saƙo. Ga ta nan a gefena yanzu tana bin biro da ido, ko da yake ba ta iya karatu ba, don ta tabbatar ban ci amana ba.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ki ce wa Abba kada ya fito. Ya zauna a ciki, zan riƙa kai masa abinci. In aka kwance shi mutane za su taru su kashe shi."

Na rubuta, na cika alkawari. Na gaya mata kai mutum ne, ba wanda zai taɓa ka, ta ce ai kurar ma na ce ta gaske ce, kuma an kashe ta.

Ni kuma nawa saƙon shi ne ka fito. Amma na roƙe ka, kada ka bari 'yan acaɓa su rako ka da jerin babura da hon kamar yadda Mu'azu yake shiryawa. Kada taro ya biyo ka, kada kowa ya ɗaga murya. Ka zo kai kaɗai, ka shigo a hankali, ka zauna inda za ta gan ka har ta gaji da jiran abin da take tsoro. In za ka kama hannunta, ka zagayo ta hagun gado.

Zanen da ke ƙasa nata ne, da hagu ta yi, shi ya sa layukan suka karkace. Na tambaye ta mene ne, ta ce ƙofa ce, kuma ka duba da kyau, a rufe take.

Sai ka zo.

Matarka mai jiran ka,
Hindatu.